Jarumin Sai-Gobe

Uwarsa ce ta raɗa masa Sai-Gobe, kuma ba ta zalunce shi ba. Tun yana ɗan firamare, in ya zana mota zai fitar mata da gilashi da fitilu har da ƙyallin fenti, ka rantse za ka buɗe ƙofa ka shiga, sannan ya ajiye fensir ya ce tayoyi sai gobe. Haka bangon ɗakinsu ya cika da motocin da ba sa tafiya da mutanen da ba su da ƙafafu. Hannu kam Allah ya ba shi, wannan ba mai musu. Matsalar ita ce hannun yana jikin mutumin da yabo ya fi masa aiki daɗi, kuma ya gane tun da wuri cewa rabin zane ma yana kawo yabo.

Da wannan halin ya girma. Ya yi zanen talla a wani kamfanin sabulu, ya bari saboda ba su san darajar basira ba. Ya yi zanen bangon littattafai, ya bari saboda marubuta ba su da ido. Duk inda ya baro, in ka ji daga bakinsa, jahilai ya baro. Yana dab da shekara arba'in ya samu shiga wani kamfanin ƙera wasannin bidiyo da ke saman shagon sayar da tayil, inda fanka biyu ke rigima da zafin kwamfutoci, ga wayoyin lantarki zube a ƙasa kamar igiyar shanya. Nan ya tsayar da ɗan gemu, ya sayi tabarau ba don idonsa na ciwo ba, ya ce a riƙa kiransa Oga.

Matarsa malamar lissafi ce a makarantar sakandare, shi ma Malama yake ce mata. Mace ce mai haƙuri, amma ba sakarya ba. Ta san mijinta, ko dai tana zaton ta san shi: rago ne, mai cika baki, amma zuciyarsa fara. Wannan na ƙarshen daga wurin mahaifiyarta ta karɓo shi. Tsohuwar nan ta ɗauki son duniya ta ɗora wa surukinta. Duk ranar da Malama ta kai ƙararsa, sai ta ce, “Ki bar mini ɗana. Masu basira haka Allah ya yi su, kansu ba irin namu ba ne.” Shi kuma ya sunkuyar da kai yana murmushin salihai, ya cinye abin da ta ajiye masa.

Kamfanin ya ɗauko wani babban aiki: wasa na manya, wanda ba a sayar wa yara, mai jini da giya da zagi da mata. Labarin wani tsohon ɗan sanda ne da aka kora daga aiki, ya koma farautar mutane don a biya shi. Mai kamfani, wani gajere mai yawan kallon agogo, ya kira Sai-Gobe ya ce shi zai ƙera jarumin, tun daga fuska da tafiya har halinsa. In wasan ya fita, sunansa ne zai fara bayyana a allo a matsayin wanda ya ƙirƙiri mutumin. Ranar bai ci abincin rana ba don murna. A duk tsawon rayuwarsa babu abu ɗaya kammalalle da zai nuna ya ce nawa ne, kuma duk cika bakinsa ya san da haka.

Jarumin da ya fara ƙerawa, kana ganinsa ka ga mutumin da Sai-Gobe ke hangowa in ya rufe ido a gaban madubi. Ƙirji kamar ƙofar gareji, tabo a kumatu, murya daga can ƙasan ciki, ba ya dariya, ba ya tsoro, ba ya kuskure. Mata suna mutuwa a kansa tun kafin ya yi sallama. Aka kawo masu gwaji, mutanen da ake ɗauka su zauna su buga wasan su faɗi gaskiya. Ɗaya ya yi gyangyaɗi. Wata ta ajiye rimot ɗin wasan ta ce, “Wannan ai ba mutum ba ne, firji ne aka ba shi bindiga.”

Sai-Gobe ya ce masu gwajin ba su waye ba. Mai kamfani ya kalli agogo ya ce, “Oga, su ne masu saye. Ka kawo mini mutum mai jini a jika, in ba haka ba in miƙa wa Dogo aikin.”

Dogo shi ne mai sa wa zane motsi, wani siriri marar magana da ke zama a kusurwa da abin jin sauti a kunne. Jin sunansa kawai ya ishi Sai-Gobe ya rasa barci. Sai ya yanke cewa laifin ba na zanensa ba ne, na ɗan wasan da aka ɗauko ne ya yi wa jarumin tafiya. A ganinsa ba wanda ya fahimci ran jarumin sai wanda ya haife shi. Saboda haka shi da kansa zai sa rigar.

Rigar nan baƙa ce mai matse jiki, an manna mata ƙananan ƙwallaye farare a kafaɗa da gwiwa da kowace gaɓa. Mutum ya sa ta ya shiga wani ɗaki da kamarori suka zagaye, da wata 'yar kamara a gaban fuskarsa da makirfo a wuyansa. Duk motsin da ya yi, kwamfuta ta kwashe, a ɗora wa jarumin da ke cikin wasa. Akwai ƙa'ida guda da kowa a kamfanin ya sani: Dogo ba ya kashe kamarorin tsakanin ɗauka da ɗauka, domin in aka kashe sai an sake saita su ɗaya bayan ɗaya, aikin da ke cin rabin yini. Tun daga safe har a tashi, duk wanda ke cikin rigar ana kwasarsa, ko tari ya yi. Sai-Gobe ya san wannan sarai, shi ya sha yi wa sabbin ma'aikata bayani.

Ya shiga rigar da ƙyar, tumbinsa ya turo ƙwallo ɗaya gaba. Ya yi ta takun jarumta daga wannan bango zuwa wancan, yana buɗa hannuwa kamar mai maruru a hammata. Samarin ofis suka riƙa cije leɓe. Ana cikin hutu, yana zaune a kan akwati yana cin biskit, wayarsa ta yi ƙara. Malama ce.

Muryarta na rawa. Mahaifiyarta ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, suna asibiti, likitoci sun shiga da ita. Kafin bakinta ya karkace, shi ta ambata. Malama ta ce, “Don Allah ka zo. Ni kaɗai ce a nan.”

Saura ɗauka ɗaya a gama, wadda jarumi zai tsaya a saman bene ya kalli gari, kuma ita Sai-Gobe ya fi ƙwallafa wa rai. Sai ya sassauta murya ya ce, “Haba Malama, ki kwantar da hankalinki, likitoci sun san aikinsu. Ina cikin taro da manya, ba a fita. Wallahi zuciyata tana nan wurinku.” Yana faɗa yana janye wayar daga kunnensa, ya ɗaga ɗaya hannun yana buɗe yatsu yana rufewa, alamar mace ta cika surutu, don samarin su yi dariya. Ya juya ido sama, ya gutsuri biskit a hankali don kada ta ji. Biyu daga cikin samarin suka yi dariyar, saboda Oga ne. Ya kashe wayar ya ce a ci gaba.

Tsohuwa ba ta kai faɗuwar rana ba. A zaman makoki babu wanda ya kai Sai-Gobe kuka, har 'yan uwa suka riƙa ba shi baki suna cewa irin wannan suruki sai an tona. Malama da kanta ta dafa shi ta ce, “Ba laifinka ba ne, aiki ne ya riƙe ka.” Ya karɓi wannan ma, kamar yadda ya saba karɓar duk abin da aka ajiye masa.

Yana can yana karɓar gaisuwa, Dogo yana nan da aiki a gabansa da Mai kamfani a kansa. Ya duba takun jarumtar nan kaf, bai samu na ɗauka ba. Don rashin abin yi ya shiga duba abin da kamarori suka kwasa lokacin hutu. A nan ya ga mutum. Ya ga yadda kafaɗun Oga ke zubewa in Mai kamfani ya leƙo, da yadda suke miƙewa in ya fita. Ya ga wayar nan. Kada wani ya ce Dogo tausayi ya ji ko haushi. Abin da ya gani kaya ne mai kyau, kuma kyauta. Ya ɗauki motsin da fuskar da kalmomin ya ɗora wa ƙaton nan mai tabo, ya sa wata 'yar wasa ta yi muryar matar da ke kira daga asibiti, ya nuna wa Mai kamfani.

Masu gwaji suka haukace. Wadda ta kira shi firji ta dafe kai ta ce, “Na san mutumin nan! Wallahi mijin yayata ne!” Wani ya ce bai taɓa tsanar jarumi irin haka ba, kuma ba zai iya ajiye rimot ba sai ya ga ƙarshensa.

Da Sai-Gobe ya dawo aka zaunar da shi aka kunna masa. Gwano ba ya jin warin jikinsa: da farko dariya ya yi, har da tafi, yana tambayar a ina suka samo wannan ɗan iskan. Sai da ƙaton ya ce zuciyarsa tana nan wurinsu, sannan dariyar ta yanke. Ya miƙe ya fara borin kunya, wai an ci amanarsa, wai an yi masa sata. Wannan fa shi ne mutumin da ya taɓa kwaikwayon ɗingishin mai shara ya sa wa wani mugu a wani wasan, yana cewa mai fasaha daga rayuwa yake ɗiba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Mai kamfani ya bar shi ya gama, sannan ya ce, “Jikinka ne, muryarka ce. Ka ce a cire, yau za a cire, ba mai tilasta ka. Sai dai in an cire mun koma firji, kuma firji ba zai fita da sunan kamfanina ba. Dogo zai ƙera wani daga farko.”

Sai-Gobe ya tuna fuskar Malama a zaman makoki, ya tuna tsohuwar da ke ce masa ɗana. Ya ji kunya, kunya ta gaske. Da a nan ya tsaya da an ce akwai sauran mutum a cikinsa. Amma sai ya ji bakinsa yana tambaya, “In an bar shi, sunan wa za a rubuta?”

“Naka mana. Wa ya yi?”

Ya koma ya zauna, ya shafa gemu ya ce, “Dama da gangan na yi. Ina so in ga ko Dogo zai gane.”

Abin takaicin shi ne daga ranar ya yi aiki irin wanda bai taɓa yi ba. Shi ke fara zuwa, shi ke kulle ƙofa. Ya rage wa jarumin ƙirji, ya ƙara masa tumbi, ya sa masa idon mai neman wanda zai ɗora wa laifi. In marubutan labarin suka rasa yadda mutumin zai kuɓuce wa alkawari, Oga ya san hanya goma. Ya san yadda ake rantsuwa ba tare da an ce komai ba, da yadda ake yin fushi tun kafin a tambaye ka, da irin kyautar da ake kai wa mace in an yi mata laifin da ba ta sani ba. Samarin suka fara girmama shi da gaske, suna cewa Oga ya san halin ɗan Adam. Bai san halin kowa ba, rijiya ɗaya yake ɗiba, kuma ba ta ƙafewa.

Maganar Malama kuwa, ya lallashi kansa. Ba ta buga wasa, ba ta ma son ƙarar. Wasan na manya ne, ba zai shigo gidansu ba. In ta kama ma zai zaunar da ita ya yi mata bayanin fasaha. Sau da yawa ya buɗe baki a kan tabarmar cin abinci, sai ya ga tana gyara takardun ɗalibai da jan biro, ta rame tun rasuwar, sai ya ce a ransa ba yau ba.

Da wasan ya kammala, Mai kamfani ya shirya ɗan taro da rana a ofis, kowa ya zo da iyalinsa manya a nuna musu. Sai-Gobe ya yi iya yinsa. Ya ce mata wurin zafi, ya ce jini ne kawai da zage-zage, bai dace da mai makoki ba. Ta dube shi ta yi murmushin da ya daɗe bai gani ba.

“Shekara nawa ina jiran in ga abin da ka gama? Da Mama na nan da ita za ta riga ni shiga mota. Zan je ko don ita.”

Ta zo cikin shigarta ta fita kunya. An ture tebura gefe, an jera kujerun roba, an kawo lemo da babban allo. Mai kamfani ya yi jawabi, ya kira Sai-Gobe uban jarumi, aka tafa, Malama ta fi kowa tafi. Sai gajeren nan, wanda bai taɓa tunanin komai ba sai ranar fitar kaya, ya ce ai babu wanda ya cancanci fara bugawa kamar uwargidan Oga. Ya miƙa mata rimot, ya ce wa Dogo ya sa musu wurin nan da masu gwaji suka fi so. Dogo ya ɗago ya kalli Oga. Kalma ɗaya ta isa, ko girgiza kai. Sai-Gobe ya kalli kofin lemonsa.

Allo ya haska. Jarumi yana zaune a ɗakin otal yana jiran wani mai kawo masa labari, waya ta yi ƙara. Muryar mace tana rawa, tana cewa an kai mahaifiyarta asibiti. Mutumin ya sassauta murya. Ya ce ta kwantar da hankalinta, likitoci sun san aikinsu, yana cikin taro da manya. Ya janye wayar daga kunne, ya buɗe yatsu ya rufe, ya juya ido sama. Baƙi suka fashe da dariya, wata mata ta ce, “Kai, Allah wadaran namiji!”

Malama ba ta yi dariya ba, ba ta kuma juyo ta kalli mijinta ba. Ta tambayi Dogo wane maɓalli ne na tafiya, ya nuna mata. Ta tayar da mutumin daga kujera, ta bi da shi ta ƙofa yana karo da bango saboda hannunta bai saba ba. Ta sauko da shi matakala ta fito titi. Can nesa, sama da rufin gidaje, ana hango wani dogon gini da alamar asibiti. Ta nufi can da shi a guje. A ƙarshen layin mutumin ya tsaya cak, ƙafafunsa na tafiya amma ba ya gaba, kamar an gitta masa gilashi. Ta juya da shi ta bi wani layin, haka. Ta zagaya ta bayan kasuwa, haka. Dariyar ɗakin ta mutu, sai ƙarar fanka da takun mutumin da ke tafiya a wuri ɗaya. Ta ci gaba da gwadawa, layi bayan layi, irin na malamar da ta tabbata lissafin yana da amsa.

Daga ƙarshe ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, “Ɗan'uwa, ta ina ake bi a kai shi asibitin?”

Dogo ya cire abin kunnensa ya riƙe a hannu. Ya ce, “Babu hanya, Malama. Hoton gini ne kawai.”

“Ba ku gama ba ne?”

“Mun so mu yi. Har mun fara zana titin, don mai wasa ya zaɓa ko ya je ko kada ya je.” Ya ƙara da cewa, “Oga ya ce a bari. Ya ce mutumin nan ko sau dubu aka buga ba zai je ba, ɓata lokaci ne.”

Malama ta gyaɗa kai a hankali. Ta ajiye rimot ɗin a kan kujera, ta ɗauki jakarta.

“To,” ta ce, “ai shi ya san shi.”

Ta ratsa tsakanin kujerun, mutane suna janye ƙafafunsu, ta fita. Ana jin takunta a matakala har ta kai ƙasa. Sai-Gobe ya ajiye kofin, ya yi taku biyu zuwa ƙofa. Daidai nan Mai kamfani, da ke neman abin da zai rufe shirun, ya tafa hannu ya ce mai hoto ya iso, uban jarumi ya zo ya tsaya a tsakiya.

Sai-Gobe ya dubi ƙofar, ya dubi mai hoton. Ya gyara wuyan rigarsa.